Jawabin maraba ga Farfesa, daga manoman rani da masunta na ƙasar Wudil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, dagatanmu da masu unguwanni, malamanmu limamai, sarkin noma da sarkin ruwa, iyayenmu mata da ke can baya, matasa, sannunku da fitowa. Babban baƙonmu Farfesa, lale marhabin, sannu da hanya, mun san aiki ya yi maka yawa amma ka ajiye ka taho har bakin kogi, Allah ya saka da alheri.

Jama'a, wannan bawan Allah aikinsa a kan abin da ido ba ya gani ne, ƙwayoyin nano. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, to kashi ɗaya shi ne nanomita, kaurin silin gashin kai ɗaya ma ya kai wajen nanomita 80,000, su kuma ƙwayoyin da yake bi ba sa wuce 100. Kuma fa ba a ɗakin gwaji kaɗai suke ba, suna cikin fenti, suna cikin man shafawa na kare zafin rana, akwai na azurfa da ake sakawa a kaya don kashe ƙwayoyin cuta, in an wanke duk ruwa suke bi su tafi, to shi tambayarsa ita ce in sun shiga cikin tarwaɗa, ko tana da ke cikin ƙasa, ko saiwar tumatir, me suke yi a can, kuma nawa ne yake zama guba.

Abin da ya fi burge ni, abin nan baki biyu gare shi. Ƙwayoyin nano na ƙarfe ana amfani da su wajen kama guba a ruwa, har da wani sinadari mai guba da ake kira kromiyam, kuma masana irinsa suna haɗa wasu da ruwan ganye irin su zogale da darbejiya, itatuwan da ke ƙofar gidajenmu.

Farfesa, ka ji na ambaci kromiyam, da gangan na yi. Kogin nan da ke gabanmu haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma kowa ya san masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da kromiyam suke gyaran fata, ruwan dattinsu kuma gangarowa yake, mu ne a ƙasa, da shi muke ban ruwa, a cikinsa yaranmu ke wanka, shanun makwabtanmu Fulani shi suke sha, kifinsa muke kaiwa kasuwar Juma'a, daga nan ruwan ya wuce Jigawa har Haɗeja. Ga kuma namu laifin, maganin feshi da muke zubawa ba awo, mu wanke tankin a bakin ruwa, da fiya-fiya da wasu ke sa wa wake a buhu, irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida ta kashe yara sama da 400 da gubar dalma, iyaye suna gani ba su san daga ina ba ne, sai da aka ɗebi jini da ƙasa aka auna. Wallahi shi ya sa muke girmama mai awo.

Mun san ba kai kaɗai kake aiki ba, kana da abokan bincike a gida da ƙasashen waje, masu kimiyyar sinadarai da likitoci da masana kifi, kuma rubuce-rubucenku wasu na ɗorawa a kai. Roƙonmu, a cikin wannan haɗin gwiwa a sa jami'armu ta kimiyya da fasaha da ke nan Wudil, da Jami'ar Bayero, da ta Tarayya da ke Dutse, yaranmu su koyi aikin a hannunka. Ka ɗebi ruwanmu da laka da kifi da latas, duk za mu ba ka, masunta sun ce kwale-kwale kyauta ne. Amma don Allah in sakamako ya fito kar ya tsaya a mujallar Turanci, a dawo nan a faɗa mana da Hausa, a kai kwafi ga hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato NESREA, da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Bayan azahar sarkin ruwa zai kai ka mashaya da wurin da muke kafa injin ban ruwa. Ranka ya daɗe Hakimi, da izininka zan miƙa wa Farfesa lasifika. Allah ya maida kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.