Daga bakin Etihad zuwa Bauchi: maganar takarda a harkar ƙwallo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hoton, duhu ne ya riga ni. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ke nan a Manchester, amma gari kamar an idar da isha'i. Mutanen Bauchi da kuke ta kai mini ƙarar hunturu a waya, ku zo nan ku ga ubansa. Ginin da ke bayana mai shuɗin fitila shi ne Etihad, gidan Manchester City. Da gangan na biyo ta nan kafin in wuce wurin aiki, don akwai maganar da nake so mu yi kafin 2024 ta fita.

Na san 'yan Manchester United na gidan kallon unguwarmu har yau ba su sauko ba tun ranar 15 ga Disamba, da Amad Diallo ya zura ta biyu a filin nan ana dab da tashi. Ku more. Sai dai babban wasan City na bana ba a kan ciyawa aka buga shi ba. A wani ɗaki a Landan aka buga, lauyoyi ne 'yan wasan. Tun Fabrairun 2023 hukumar Firimiya ta tuhume su da laifuka 115 na karya dokokin kuɗi, mafi yawansu daga 2009 zuwa 2018. An fara zama a Satumba, an rufe a Disamban 2024, aka shiga jiran hukunci. Su kuwa sun ce ba su aikata ko ɗaya ba. Everton da ke maƙwabta ta riga ta ɗanɗana: an zabtare mata maki 10, ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6, aka dawo aka ƙara cire 2. Nottingham Forest ta rasa 4. Dokar a 2024 ita ce kada kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Mu da muka taso a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa muna jiran ko gwamnati za ta saki kuɗin motar tafiya wasan waje, wannan lissafi sai mu ji kamar tatsuniya.

Amma shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ta Lassana Diarra ce. Kun tuna shi, ɗan Faransan nan da ya buga wa Chelsea da Arsenal da Real Madrid. A 2014 suka ɓata da Lokomotiv Moscow, aka ce ya biya su yuro miliyan 10 da rabi. Charleroi ta Beljiyam ta so ɗaukarsa, sai ta ga a dokar FIFA duk kulob ɗin da ya ɗauke shi zai iya shiga cikin bashin, ta janye jiki. Mutum da ƙafarsa lafiya lau ya zauna a gida. Sai ranar 4 ga Oktoban bana kotun Tarayyar Turai ta ce wasu daga cikin waɗannan dokoki sun saɓa wa 'yancin ma'aikaci. Shekara goma! Ƙwallon ma ya riga ya ajiye ta. Haka aka yi da Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Beljiyam da ya yi nasara a wannan kotun a 1995: albarkacinsa ɗan wasa ke tafiya kyauta in kwantiraginsa ya ƙare, shi kuwa ƙuruciyarsa a zaryar kotu ta tafi.

Abin da ya sa nake ta wannan dogon turanci, autanmu ne. Shekararsa 17, yana buga lamba takwas a wata akadami a cikin gari. Cikin damina ya kira ni da tsakar dare, murya na rawa: "Yaya, an samu hanya. Wani ejan zai kai ni gwaji Turai, kuɗin biza da tikiti kawai za a biya." Na ce masa ya turo mini lasisin mutumin da takardar gayyata daga kulob ɗin. Shiru. Bayan kwana biyu Hajiya ta kira, ta ce, "Kai da Allah ya buɗa wa, kar ka zama mai toshe wa ƙaninka." Wallahi maganar nan ta kwana da ni. Na ce, "Hajiya, ki ba ni mako guda." FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa buga ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kuma tun 2023 sai mutum ya ci jarrabawa yake zama ejan mai lasisi. Da muka matsa da tambaya, sai lambar mutumin ta daina shiga. Wata biyu autan ba ya ɗaga wayata.

Akwai kuma kuɗin da masu akadami a Bauchi da Gombe suke bari a ƙasa. In an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin haƙƙin waɗanda suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. A ce an sayar da yaro yuro miliyan 10, yuro dubu 500 ke nan za a raba. FIFA ma ta buɗe ofishi a Faris a 2022 don biyan irin wannan kuɗi. To amma da wace shaida? Kocin autanmu mutumin kirki ne, daga aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda, amma rajistar yaransa a littafin makaranta take, ba ta je hukumar ƙwallo ta jiha ba. Mun yi magana, ya ce in sha Allah a Janairu. Zan sake tuna masa.

Saura kuwa kun ji su: Saudiyya ta samu gasar duniya ta 2034, Lookman ya zama gwarzon Afirka a Marrakesh, Ahmed Musa ya dawo Pillars. Gombe United da Doma United duk sun faɗa rukuni na biyu, suka tarar da Wikki Tourists namu na Bauchi a can. 'Yan Gombe, ba dariya nake muku ba, a 2024 tabarma ɗaya muke kai.

Ni kaina fa? Shekara ta uku ke nan ban taka gida ba. Aikin dare, barcin rana, bikin ƙanwata a waya na kalle shi, hoto na yankewa. A ƙarshen 2024 fam ɗaya yana neman naira 2,000, sai a gida a ɗauka shara muke yi, alhali kafin wata ya raba kuɗin haya da na wuta sun cinye rabin albashi. Ban tara abin da na yi niyya ba. Lafiya dai alhamdulillahi. Abin da na fi kewa kuwa masar safe ce da miyar taushe a wajen Wunti, kar ku yi dariya.

Jiya autan ya turo mini bidiyo ba ko gaisuwa, ƙwallon da ya ci daga wajen da'ira. Ƙasansa ya rubuta, "Yaya, takalmina ya yage, lamba 42." Don haka gobe in na tashi daga barci kasuwa zan shiga. Ga motata can ta taho, yatsuna ma sun daina ji. Ku gaida mutanen Jahun da Ƙofar Ran, sai mun haɗu a sabuwar shekara in Allah ya kai mu.