Allon 66: Yadda Amurka Ta Raɗa wa Hanyoyinta Lambobi

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ma ina tare da Kawu, wanda ya shafe shekaru yana jan babbar mota. Kawu, barka da zuwa.

Kawu: Barka kadai, Auta, Allah ya yi miki albarka. Wannan hoton allo mai tsatsa da kika aza a gabana fa?

Auta: Shi ne zancenmu na yau. Tsohon allon hanya ne na Amurka, an yanka ƙarfen da siffar garkuwa, fari ne da baƙin rubutu, sunan jiha a sama, 66 a ƙasa. Amma kafin mu kai gare shi, Kawu, hanyar Kano zuwa Kaduna, mece ce lambarta?

Kawu: A takarda A2 ce. Sai dai ban taɓa jin direba ko yaron mota ya kira ta haka a tasha ba. Mu da gari muke gane hanya. A ce maka ka wuce Kwanar Ɗangora, ka doshi Zariya, shi ke nan.

Auta: To su ma Amurkawa da suna suka fara. A 1913 aka kafa hanyar Lincoln, daga New York har San Francisco. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke zaɓar hanya su sa mata suna, sannan su bi falwayoyi suna shafa fenti. Ta Lincoln ja da fari da shuɗi ce, da harafin L a tsakiya.

Kawu: Ai wannan dabara ce mai kyau. Ko wanda bai yi boko ba zai bi launi.

Auta: Da farko ta yi kyau. Amma kafin tsakiyar shekarun 1920 irin waɗannan hanyoyi sun haura 250. Sai ka tarar da falwaya ɗaya ta sha fenti kala-kala, don hanyoyi da dama sun bi ta wurin. Wata ƙungiyar ma da gangan take karkatar da hanya ta ratsa garin da ya ba ta kuɗi.

Kawu: Subhanallahi! Wannan zalunci ne. Na san ɓatan hanya da dare, mai na ƙarewa, ba wanda za ka tambaya. Ɗan gari bai damu da allo ba, baƙo shi ke wahala.

Auta: Saboda baƙon aka koma lamba. Jihar Wisconsin ce ta fara kafa allunan lamba a 1918. Daga baya, ranar 11 ga Nuwamba 1926, jami'an hanyoyi na jihohi suka amince da tsari ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Hanyar da ta miƙe kudu da arewa ta ɗauki lambar mara, wato wadda ba ta rabuwa biyu daidai, daga 1 a gaɓar gabas zuwa 101 a gaɓar yamma. Wadda ta bi gabas da yamma kuwa ta ɗauki cika, irin 20 da 40. Manyan cikinsu su ke ƙarewa da sifiri.

Kawu: Wato lambar kanta na gaya maka inda ka sa gaba. To 66 ɗin ba ta da sifiri, me ya ɗaukaka ta?

Auta: Rigima ce ta haife ta. Cyrus Avery, wani jami'in hanyoyi mutumin Tulsa a jihar Oklahoma, ya so hanyar Chicago zuwa Los Angeles ta zama 60. Kentucky ta ce ba ta yarda ba, don babu hanya mai sifiri ko ɗaya da aka bi da ita ta cikinta. Aka yi ta ja-in-ja, aka miƙa wa su Avery 62, ba ta kwanta musu ba. A ƙarshen Afrilun 1926, a Springfield ta Missouri, suka ga 66 ba mai ita, ga daɗin faɗa, suka karɓa.

Kawu: Tsawonta fa?

Auta: Kusan kilomita 3,900, ta ratsa jihohi 8. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin Oklahoma, wannan allon manoma suka riƙa bi da iyalansu da 'yan komatsansu zuwa California. Ni abin da ke taɓa zuciyata ke nan in na kalle shi.

Kawu: Allah sarki. Mutumin da ya bar gonarsa bai san gabas ba bai san yamma ba, in ya ga lambar nan ya san bai ɓata ba. Haka nake ji in na shiga Nijar, tsakanin Maraɗi da Damagaram, ina ganin duwatsun nan masu jan kai suna ƙirga mini kilomita. Wasu tsoffin allunan da kika nuna mini kuma na ga 'yan ƙwayoyi a jikin rubutunsu.

Auta: Gilashi ne, kamar idon kyanwa, fitilar mota na haska su sai su ɗauki ido. Kuma allon tsayawa mai kusurwa takwas da muka sani ja, rawaya ne har 1954, domin jan fentin wancan zamani koɗewa yake yi a rana.

Kawu: Yanzu hanyar na nan?

Auta: Tana nan guntu-guntu. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan tagwayen hanyoyi, masu garkuwa ja da shuɗi. Su aka juya musu ƙirgen, 5 a yamma, 95 a gabas, don kada su rikice da tsofaffin. Sannu a hankali suka janye motoci, garuruwa da gidajen mai da yawa suka mutu, a 1985 aka soke lambar 66 daga tsarin.

Kawu: Allunan kuma aka yi yaya da su?

Auta: Wasu na gidajen tarihi, wasu na hannun masu tara kayan da. Da jihohi suka kafa sababbi don masu yawon buɗe ido, sai aka riƙa sace su. Shi ya sa a wurare da yawa yanzu a kan kwaltar ake zana garkuwar.

Kawu: Mai cire allo a hanya bai san wa zai jefa a wahala ba. Ƙara matso mini da hoton nan, Auta, in ga sunan jihar da ke samansa.

Auta: Oklahoma ce, Kawu. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.