Rediyon Ɗaliban Legon: Inda Ake Koyon Riƙe Makirufo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Legon nake muku magana, a cikin Jami'ar Gana da ke Akra. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzun nan muka sauka daga trotro, wato motar haya, a bakin babbar ƙofa. Wannan da kuke gani a gefena ƙanena ne, ɗan maigidan da ya sauke ni a unguwar Nima da ke Akra. Karatu yake yi a nan, kuma yana cikin ɗaliban da ke aikin sa-kai a gidan rediyon jami'ar, Radio Univers, mita 105.7 a zangon FM. Shi ya ce mini, "Yaya, kada ka koma gida ba ka ga inda muke aiki ba." To ga mu mun zo.

Wancan dogon titin da ya miƙe ya hau tudu shi ne ƙashin bayan jami'ar. Ga ɗakin karatu na Balme can, ga ɗakunan kwanan ɗalibai, su Legon, Akuafo, Volta, da Commonwealth a can sama. An kafa makarantar a 1948, tun ƙasar tana Gold Coast, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961.

Kafin mu ƙarasa, bari in ba ku tarihin, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka wannan rediyo wasan yara ne. Rediyo ya shigo ƙasar nan a 1935, lokacin da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar da ake kira ZOY a Akra, tana karɓo shirye-shiryen BBC tana isar wa mutane. Ita ce ta girma ta zama GBC, gidan rediyon gwamnatin Gana. Daga wannan shekara har kusan shekara 60, duk muryar da ta fito daga wata tashar rediyo ta cikin Gana ta gwamnati ce. Dattawan Nima sun gaya mini a lokacin in ka gama sauraron labaran Hausa na GBC, sai ka murɗa gajeren zango ka nemi Landan ko Jamus, ka ji abin da ba a faɗa maka ba game da garin da kake zaune a cikinsa. Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Tsarin mulkin 1992 ya zo da babi sukutum a kan 'yancin kafafen yaɗa labarai, sashe na 162 ya ce kada a sa wa mutum shinge in zai kafa jarida ko wata kafa. Aka koma mulkin farar hula a Janairun 1993, shugaban ƙasa Rawlings ya tuɓe kaki. Amma gwamnati ba ta saki zangon FM ba. A Nuwamban 1994 Dakta Charles Wereko-Brobby ya ce shi kam tsarin mulki ya ba shi dama, ya kunna Radio Eye a Akra ba tare da jiran izini ba. Cikin 'yan makonni 'yan sanda suka dira, suka kwashe kayan aiki, suka rufe tashar. Mutane suka fusata, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kotu. A cikin wannan yanayin ne, ƙarshen 1994, aka fara jin muryar ɗaliban Legon a iska da sunan Voice of Legon, wato Muryar Legon. A 1995 aka fara raba wa masu zaman kansu mita, a shekarar ce Joy FM ta buɗe, kuma tashar ɗaliban nan tana cikin na farko-farkon da suka yi magana a ƙasar nan ba a ƙarƙashin GBC ba. Daga baya ta koma Radio Univers. Hukumar NCA mai raba mita ma sai a 1996 aka yi dokar kafa ta. Kun ga ke nan ɗaliban sun riga hukumar zuwa.

To mun iso, zan rage murya. Kun ga jar fitilar can a saman ƙofa? In tana ci, ana kan iska, ko tari ba a yi. Bangon ɗakin an lulluɓe shi da soso don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Ga yarinya can a gaban makirufo, da na'urar saurare a kunnenta, takarda a hannu. Ku dubi gefen takardar: ta ja layi a ƙarƙashin sunayen mutane, ta rubuta yadda ake furta kowanne da jan biro. Ƙanena ya ce haka ake koya musu, domin a garin da Ga da Asante da Ewe da Dagomba da Bahaushe ke sauraron tasha ɗaya, in ka ɓata sunan mutum ka ɓata labarin gaba ɗaya. Wanda ke zaune a bayan na'urar haɗa sauti idonsa na kan agogon bango. Ya ɗaga yatsu uku, biyu, ɗaya, ya tura maɓalli sama, ta fara. Muryarta ba ta yi rawa ba. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don yarinyar nan ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba.

Yadda ake tafiyar da wurin shi ne abin da ya fi burge ni. Akwai manya, ma'aikatan jami'a, su ke riƙe da ragama, kuma duk wanda ya bi ta nan a shekarun baya zai ambata maka sunan Alhaji Abubakari Sidick Ahmed, wanda ya daɗe yana shugabancin tashar, ya horar da ɗalibai masu yawa. Amma aikin yau da kullum a hannun ɗalibai yake. Su ke fita neman labari, su rubuta, edita ya duba, su karanta. Su ke kiran baƙo, su shirya tambayoyi, su karɓi wayar masu sauraro. Ba sai kana karanta aikin jarida ba: akwai mai karatun tattalin arziki, akwai mai lauya, akwai mai kimiyya. Za ka nema, a gwada muryarka da rubutunka, in an ɗauke ka ka fara daga ƙasa.

Na tambayi ƙanena me ya fi wuya. Ya ce, "Yaya, lokaci." Shirin safe ba ya jiran kowa, dole ka tashi tun asuba, ka gama, ka ruga aji. In jarrabawa ta matso, karatu na ja, rediyo na ja. Sannan kowace shekara waɗanda suka fi ƙwarewa su ne ke kammala karatu su tafi, a sake ɗauko sababbi a fara daga farko. Kamar makarantar allo ce, gardi na sauka ƙolo na shigowa, malam bai taɓa cewa ya gama ba. Tashar kasuwa ba za ta jure wannan ba, amma a nan shi ne ainihin aikin. Bernard Avle na Citi FM a nan ya fara. Bola Ray, wani fitaccen ɗan rediyon, shi ma a nan ya fara. Yau Gana tana da ɗaruruwan tashoshin FM, kuma da yawan muryoyin da ake ji a manyan gidajen daga irin waɗannan ɗakunan suka fito. Ba Legon kaɗai ba: jami'ar KNUST a Kumasi tana da Focus FM, ta Cape Coast tana da ATL FM.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki wannan bidiyon, kuma da 'yan zango nake, wato mutanen unguwanninmu na masu jin Hausa a Gana. Iyayenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, in ɗanku ko 'yarku ta samu shiga jami'a ta ce za ta je rediyo, don Allah kada ku ce ɓata lokaci ne. Mun sha jin yadda ake ba da labarin zango: ba a tuno da mu sai an yi rikici, ko lokacin zaɓe ya zo. Wanda ya rubuta labarin sau da yawa bai taɓa shan koko da ƙosai a lungun Nima ba, bai san makarantun dare ba, bai san matan da ke tashi tsakar dare su ɗora tukunyar wake da shinkafa don su biya kuɗin makarantar 'ya'yansu ba. Ba lallai mugunta ce ba, rashin sani ne. Muna da tashoshinmu, Marhaba a Akra, Zuria a Kumasi, Allah ya saka musu da alheri, amma a can mu da mu muke magana. Ɗakin labaran da ƙasa duka ke saurare shi ma yana buƙatar yaron da ya san zango daga ciki, wanda zai ce wa edita, a'a, ba haka abin yake ba, bari in je in tambayo. Irin wannan yaron a nan ake yin sa, kuma ba a karɓar masa ko sidi ɗaya na horon, lokacinsa da haƙurinsa kawai zai bayar. Ga shi yana da jarin da wasu ba su da shi, domin yaron zango ya tashi da Hausa, yana jin Twi, yana jin Ga, ga Turanci.

An miƙo wa ƙanena takarda, an tura shi ya ɗauko muryoyin ɗalibai a kan tsadar ɗakunan kwana, kuma dole ya dawo ya tace kafin labaran rana. Zan bi shi in riƙe masa jaka, in ya amince in nuna muku yadda yake tsayar da mutum ya yi masa tambaya. Daga can mu wuce masallaci, azahar ta kusa. Sai mun haɗu a kashi na gaba, in Allah ya yarda.