Me ya sa mai fassarar kurame take ta ɗaga gira?

[Hoto: labaran dare, mai fassara a kusurwar allo]

Kun ga baiwar Allahn nan da ke can lungun allo? Irin bidiyonta ne ke yawo a WhatsApp, ana ta dariya wai iyayi ya yi mata yawa, sai murguɗa baki take yi tana zare ido. To, bismilla, mu matso kusa.

[A tsayar da hoton a kan fuskarta]

Ku bar hannun tukuna, ku dubi girar. Yaren da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ya samo asali ne daga na Amurka, wanda wani malami Ba'amurke, Andrew Foster, shi ma kurma, ya kawo Ibadan a 1960. A wannan yaren, hannu zai nuna "ka ci abinci", amma gira ce ke faɗin ko labari ne ko tambaya. In ta ɗaga, tambaya ce mai amsar e ko a'a. In ta haɗe, ana tambayar wa, ina, ko yaushe. Mu ma ai da murya muke raba "ya zo" da "ya zo?" Kurma ba ya jin wannan ɗagin muryar, a fuska yake ganinsa.

[Allon tasha: ƙaramin akwati, rubutu na gudu a ƙasa]

Yanzu ga ɓarnar. An matse ta a akwati kamar kan sarki, rubutun labarai ya bi ta kan hannunta, tambarin tasha ya hau kafaɗarta. A waya kuwa, ina ka ga gira? A Birtaniya, hukumar Ofcom mai sa ido kan gidajen talabijin ta ce kada wurin mai fassara ya gaza kashi ɗaya cikin shida na allo. Ni dai ko wannan ma kaɗan nake gani.

Wani zai ce a sa rubutu mana a huta. Rubutu na da amfani, musamman ga wanda ya kurmance da girma. Amma wanda aka haifa kurma, da Hausa da Turanci duk yare na biyu ne a wurinsa. Balle kuraman Kano da yawa, maganar hannu suke yi, tasu ta gado, daban da ta makaranta.

Makafi kuwa mai bayani suke buƙata, wanda zai shigo inda aka yi shiru ya ce "ta rufe ƙofa, tana kuka". Wannan sai bidiyo na gaba.

[A maido da bidiyon farko, a kashe sauti]

Ga shi nan kuma. Ku ƙirga min tambaya nawa ta yi.