Karen Gida da Hidimar Sallah: Horon da Ake Farawa Tun Baƙi Ba Su Zo Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

[Hoto: ƙofar gida a buɗe, yara na shige da fice]

Ranar Sallah a Kano ƙofar gida ba ta rufuwa. Yara 'yan yawon Sallah na shigowa, 'yar maƙwabta ta kawo tuwo, almajiri na tsaye a bakin ƙofa da robarsa, ga dangi sun sauka daga ƙauye. In gidan akwai kare, a wuni ɗaya zai ga fuskoki da ƙamshin turaruka da hayaniyar da bai saba da su ba. A irin wannan rana kare ke cizon baƙo, a irin ta kuma yake ficewa ya ɓata ko mota ta banke shi.

Masu kare a garin nan ba kaɗan ba ne: gidajen Nasarawa da Bompai, masana'antun Sharaɗa, sababbin unguwannin bayan gari, 'yan'uwanmu na Sabon Gari, da mafarauta. Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, batun gadin gida kuwa malamai sun yi bayani, sai a tambaye su. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, dabbar da ka ajiye, cinta da shanta suna wuyanka, haka ma lafiyar duk wanda ya yi sallama gidanka.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari. Wasu na ɗaure ɗan kwikwiyo a bayan gida, ba ya ganin kowa, a bar shi da yunwa, a zuba masa yaji a abinci, a riƙa dukansa, wai don ya yi zafi. Malam, karen da ya tashi haka matsoraci ne, kuma kare mai tsoro shi ne ya fi saurin cizo. Ba ya bambance ɓarawo da jikanka, duk wanda ya matso barazana ce a wurinsa. Karen gadi na kirki shi ne mai natsuwa, wanda zai yi haushi ya sanar da kai, in ka ce ya isa ya yi shiru. Wannan natsuwa tun yana ƙarami ake dasa ta. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, abin da kwikwiyo ya gani cikin kwanciyar hankali shi yake ɗauka a matsayin abin yau da kullum: mai babbar riga, mai hijabi, yaro mai gudu, akuya, ƙarar janareto, adaidaita sahu. In naka ya girma bai samu haka ba, zai iya koyo, sai dai aikin zai fi cin lokaci.

[Hoto: mai gida tsaye, kare a gabansa, guntun nama a hannu]

To yaya ake horon? Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da saura wata guda ko fiye.

Ka'idar ɗaya ce: abin da kare ya yi ya samu lada, shi zai maimaita. Amma ladan ya iso cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba bai san dalilin da aka ba shi ba. Kalli nan. Ka riƙe guntun dafaffen nama mara yaji kusa da hancinsa, ka ɗaga hannu a hankali zuwa bayan kansa. Yana bin naman da ido, ƙugunsa zai sauka ƙasa da kansa. Yana zama ka ce "zauna", ka ba shi. Minti 5 ya isa, safe da yamma. In ka ga ya fara waige-waige, ya gaji ke nan, a dakata sai anjima.

Bayan "zauna" sai "zo", wadda ita ce ke ceton rai ranar da aka bar ƙofa a buɗe. Ka fara a tsakar gida da doguwar igiya, ka kira sau ɗaya da sakin murya, ya zo ka ba shi lada mai kyau. Kada ka taɓa kiran kare ya zo sannan ka doke shi. Ka yi haka sau biyu, ya koyi cewa zuwa wurinka wahala ce, ranar da ya nufi titi kuma ko waiwayo ba zai yi ba. Sai "bari", don ya ƙyale abin da ya faɗi a ƙasa, da "wurinka", wato ya tafi kan tabarmarsa ko ɗakinsa ya kwanta.

Kalma ɗaya kowa zai riƙa faɗa. In Alhaji na cewa "zauna", Hajiya na cewa "kwanta", yara na yi masa Turanci, kare bai san na wa zai bi ba. Kuma ga wani abu da ake mantawa: a gidaje da dama mai gadi ne ke ba kare abinci, don haka shi kaɗai yake ji wa magana. Sallah ta zo mai gadi ya tafi garinsu, an bar kare a gida cike da baƙi ba wanda zai tsawata masa ya ji. Tun yanzu a samu mutum biyu daga cikin mutanen gidan su riƙa ciyar da shi da yi masa horon.

Duk da horo, shawarata a ranakun cunkoso kare ya zauna a killace. Ɗaki ko keji mai inuwa da iska, da ruwa mai yawa, nesa da ƙofar da ake wucewa, kuma a saba masa da wurin tun kafin ranar. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu cikin zafi suke faɗowa, zafin Kano kuwa kan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa. Kejin kwano a tsakar rana zai iya kashe shi. In ka ga yana haki ba tsayawa, yana dalalar da yawu yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi likitan dabbobi.

Sai ƙara. Kunnen kare na jin sautin da namu ba ya kamawa, kuma fashewar da ba zato tana firgita shi ƙwarai. Duk shekarar da aka yi hawa, mutanen cikin gari sun san amon bindigogin 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe da na Nasarawa. A Sabon Gari kuma ga nokawut daren Kirsimeti da na sabuwar shekara. Karen da ya firgita kan tsinke sarƙa ko ya haura katanga. A shigar da shi wurinsa tun kafin a fara, a kunna masa rediyo, a rataya masa lambar wayar mai gida a wuya. Kada a doke shi don yana karkarwa.

[Hoto: tukunyar suyar naman layya]

Babbar Sallah ta fi ko wace rana haɗari ga cikin kare, kuma galibi da kyakkyawar niyya ake cutar da shi. Ƙashin da aka dafa ko aka soya yana tsagewa ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Kitse da ragowar man suya in ya sha da yawa suna jawo amai da ciwon ciki mai tsanani. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jininsa, ke nan miyar Sallah da naman da aka yi wa haɗi ba nasa ba ne. Cakulan ɗin da yara ke samu a yawon Sallah guba ne a wurinsa, haka goro, domin sinadarin da ke cikinsu jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri. Inabi da busasshensa na iya kashe masa ƙoda. Tsinken tsire da ledar da aka ƙulla nama, yana jin ƙamshi zai haɗiye su. In kana son shi ma ya san ana Sallah, ka dafa masa tsoka da ruwa kawai. In ya ci abin da bai kamata ba, kada a ɗura masa farasitamol ko maganin ciwon jikin mutane, suna iya halaka shi. A kai shi asibitin dabbobi, kamar na Gwale.

Iyaye, wannan naku ne ko da ba ku da kare, tunda yaranku za su shiga gidajen mutane. Ku gaya musu kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai shayarwa, kada kuma su jefe shi. In ya nufo su, kada su ruga, su tsaya cak, hannu a jiki, su kau da ido. Gudu shi ke sa ya bi. Masu kare kuma ku lura da gargaɗinsa: lasar baki, kau da kai, cusa jela tsakanin ƙafafu, sandarewar jiki, sannan gurnani. Kada a doke shi don ya yi gurnani. In ka hana shi gargaɗi, gaba sai ya yi cizo ba sanarwa.

In tsautsayi ya faɗa aka yi cizo, ko yaƙushi da ya fasa fata, maganar ta koma ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Amma ana tare shi kafin nan. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ba sai bayan Sallah ba, a faɗa wa likita kare ne, a fara allurai a kuma kammala su. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure ciwon da tsumma. Karen gida kuwa a killace shi kwana 10 likitan dabbobi na duba shi, amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a kai wanda aka ciza asibiti.

Shi kansa karen ana yi masa rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ka ɗauko katinsa yau ka duba kwanan watan allurar ƙarshe. In ta wuce shekara, a yi masa kafin hutun Sallah ya kama.