Kuɗin riɗi na aljihu: a sayi kwamfuta yau, ko a jira sabuwa?

Malam Habu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Yau ma a shagon Rabi muke, bakin titin da ya tashi daga Gumel ya nufi Maigatari. In kun ji ƙarar mota ko kukan tumaki ku yi mana uzuri, gobe Alhamis, fatake sun fara wucewa. Ga mai shago, ga kuma Auwalu mai gyaran kwamfuta.

Rabi: Injiniya za ka ce, Malam. In ba a kira shi Injiniya ba, yau ba zai ci tuwo ba.

Auwalu: Ka ji taubashiya ko, Malam? Shekaranjiya firintarta ta ƙi jan takarda, har gida ta aiko a tashe ni. Lokacin ni Injiniya ne.

Malam Habu: Ku adana wasan sai Sallah. Wani bawan Allah ne daga wajen Garki ya turo mana saƙon murya. Ya ce ya sayar da riɗinsa, kuɗi na hannu. Ɗansa ya gama difloma, yana so ya buɗe masa shago irin wannan, na buga takardu da katin biki da cike fom. Sai yaron ya ce, Baba a dakata, akwai sababbin kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira da ke fitowa, in aka saya yanzu asara ce. Dattijo ya rasa ta cewa. Rabi, ke kika san zafin sana'ar.

Rabi: Ni tambaya ɗaya zan yi wa yaron. Wannan sabuwar da yake jira, ranar da ta fito, da kuɗin riɗi zai saye ta?

Auwalu: Nan gizo ke saƙar. Masu basirar nan ai sun riga sun fito. Tun 2024 Microsoft ya fitar da samfurin da ya kira Copilot+, masu RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, aƙalla giga 16, da wata ƙwayar lantarki ta musamman. Amma mu nan ba sabuwa dal muke saya ba. Yawancin abin da ke kan tebur a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, kayan ofisoshin Turai da Amurka ne. Kamfani ya yi shekara uku, huɗu, biyar yana aiki da su, ya sauya, a loda su zuwa Legas, daga can su hauro. To ka ga wanda ya ce zai jira sabuwar fasaha ta iso farashin da zai iya, ba watanni zai jira ba, shekaru ne.

Malam Habu: Jiran gawon shanu ke nan.

Auwalu: Sosai. Kuma ko ta iso, wata ta sake fitowa. Akwai wani Ba'amurke, Gordon Moore, cikin waɗanda suka kafa Intel, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tun 1965 ya lura cewa yawan 'yan ƙananan makunnan da ake cusawa cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ninkawa kowace shekara, a 1975 ya gyara ya ce kowace shekara biyu. Ya rasu a 2023, kuma har yau ba a daina fito da sabon zubi ba. Duk ranar da ka je kasuwa akwai wadda ke tafe a bayanta.

Rabi: Ni ma fa ina amfani da basirar nan, a kan wannan tsohuwar tawa. In mutum ya kawo takardar neman aiki, Turancin ya karkace, ina buɗe ChatGPT in gyara.

Auwalu: Domin ba cikin injinki ake aikin ba. Can wata ƙasa ake yinsa, a manyan rumbunan kwamfutoci, ke dai a turo miki amsa. Abin da kike buƙata sabis ne da data. Yaron nan ya fara duba ko garinsu sabis na kamawa cikin ɗaki, ko sai an hau tudu.

Malam Habu: To bari in tsaya wa yaron kaɗan, kada ku yi masa taron dangi. Mu manoma mun san amfanin haƙuri. Ba a sayen rago ana jibi Sallah. Kuma ni a sanina kayan lantarki sauka suke yi. Wayar da aka saya da tsada bana, baɗi ta zama ta yara.

Rabi: Da dala suke sauka, Malam, mu kuwa naira ce a hannunmu. Ni ganau ce. Farkon 2023 na yi niyyar ƙara kwamfuta ta biyu, na ce bari a gama zaɓe ƙura ta lafa. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta haura 700, kafin a ankara a 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin da na tara na kwamfuta, da ƙyar suka saya mini inbata. Wannan haƙurin bai dafa mini dutse ba.

Malam Habu: Amma ai dalar ta ɗan lafa daga baya.

Auwalu: Ta ɗan lafa, sai wata ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan RAM na duniya: Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, sai Micron a Amurka. Masu gina rumbunan basirar nan suka dinga kwashe kaya, kamfanonin suka karkata can inda riba take. Ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi. Ka ga abin dariya, basirar da yaron yake jira ta kawo masa araha, ita ce ta sa kayan tsada.

Malam Habu: Ikon Allah. Kamar taki ne ke nan, a yi rikici a wata uwa duniya, buhu ya tashi a Gumel.

Rabi: Kuma kuɗin riɗi ba ya zama, Malam, kai ka fi mu sani. Yau suna, gobe asibiti, jibi ƙanin matarka zai yi aure. Dattijon nan in ya riƙe kuɗin wata uku, rabin kwamfuta zai rage.

Malam Habu: Wannan kam ba ƙarya. Sai dai ni ma ina da tawa. Da 'yata ta gama sakandare na yi rawar jiki, na sayar da bijimi na saya mata ta tafi-da-gidanka, wai kada ta shiga jami'a hannu rabbana. Gurbin karatu bai samu ba sai bayan shekara ɗaya da rabi. Kwamfuta na cikin akwati ƙarƙashin gado, zafin bazara na dukanta. Ranar da aka ciro ta, batir ya mutu murus, in ka zare caja sai ta ɗauke. Da na bar bijimin, da ya ƙara ƙiba.

Auwalu: To Malam, kai ne ya kamata ka jira. Ba don sabuwa na zuwa ba, don babu aikin da za ta yi. Batirin lithium in aka bar shi fanko cikin zafi, lalacewa yake yi. Shi kuwa yaron Garki aiki na jiransa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yara na neman inda za su saba da madannai, ga buga silif, ga duba sakamako. Bayan kaka kuma bukukuwa, kowa na son kati. Kowane mako da shagon ke rufe, wani ne ke cin kasuwarsa.

Rabi: Kada ka ce ni ce.

Auwalu: Ban kama suna ba. Amma akwai waje ɗaya da nake goyon bayan yaron, kuma ina so dattijo ya buɗe kunne. Ba kowace ta hannu za a ɗauka ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ya buɗe wata ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Shi kuma Windows 11 yana da sharaɗi: in Intel ce, galibi sai zubi na takwas zuwa sama, wanda 'yan kasuwa ke cewa janareshan, kuma sai da wani makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. To me kake tsammani ofisoshin can suka yi da tsofaffin da ba su cika sharaɗi ba?

Malam Habu: Suka turo mana.

Auwalu: Za ka gan su fes, an goge, an liƙa sitika, farashi mai daɗi. Araha ba ta ado.

Malam Habu: To mutum irina, da zai iya duba haƙoran sa ya faɗi shekarunsa amma bai san wannan ba, yaya zai gane?

Auwalu: Ita ma tana da haƙora. A sa mai shago ya buɗe inda aka rubuta sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Za ka ga kamar i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, takwas ke nan. In ka ga i5-6300U, na shida ne. In ta fara da 10 ko 11, ta fi sabunta. Kuma kada a ruɗe ka da i7. Dillali zai ce, Alhaji wannan i7 ce, babba ce. Alhali i7-6600U ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki, i5-8250U kuwa huɗu. Ƙaramar ta fi babbar ƙarfi.

Rabi: Ni na ga wadda Windows 11 ke kanta, kuma zubi na shida ce.

Auwalu: Ta ƙarfi aka ɗora. Akwai dabarar tsallake sharaɗin, mu ma mun iya. Tana tashi, tana aiki, amma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata gyara ba. Don haka ganin Windows 11 a sikirin ba shaida ba ne, lambar ce shaida.

Rabi: To tsaya, Injiniya. Tawa ta shida ce, shekara nawa tana ciyar da ni. Wasiƙa da katin suna ba su san wani Windows 11 ba. Kada ka sa mutane su zubar da abin da ke aiki.

Auwalu: Ban ce ki zubar ba. Wanda ke da ita a hannu ya ci gaba, ya sa mata SSD, ma'ajiya mai sauri, a madadin tsohuwar ma'ajiya mai faifai, zai ga kamar an sauya mata jini. Amma mai fitar da kuɗi yau, don me zai sayi wadda aka riga aka yaye? Kuma ke kanki, mutum nawa ke soka filashinsa a injin nan kullum? Lambar NIN ta mutane nawa ke ciki? Kwamfutar da ba a toshe mata ɓaraka, kamar rumbu ne da gara ta samu hanya. In kin ga dama in sa miki Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne, kuma yana tafiya lafiya a kan tsofaffi.

Rabi: CorelDRAW na hawa kansa?

Auwalu: Ba ya hawa.

Rabi: To riƙe abinka. Da me zan yi katin biki, da bakinka?

Malam Habu: (dariya) Ta gama da kai. Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne wuta. Garin da dattijon yake, ban sani ba ko akwai turakun lantarki ma.

Rabi: Wannan ita ce uwa uba, Malam. Da yaron ya zo wurina, da na ce ya raba kuɗin, kada ya zuba duka a kwamfuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama na masu hali. Ta tafi-da-gidanka cajarta wat 45 ko 65 ce, faranti ɗaya na sola da batir mai kyau sun riƙe ta. Ta tebur da sikirinta ta fi haka ci nesa ba kusa ba, kuma wuta na ɗaukewa aikinka ya tafi. Sai firinta. Mai hoda, wato leza, sai ta zafafa kafin ta buga, tana jan ɗaruruwan wat, ƙaramar inbata kuka take yi. Mai tankin tawada kuwa cinta kaɗan ne, ita nake kunnawa da rana.

Auwalu: Sai dai a rufe ta da zane. Ƙurar hunturun nan ita ke kawo mini rabin kwastomomina. Fanka ta toshe, inji ya yi zafi, ya dinga mutuwa da kansa.

Malam Habu: To a ce gobe dattijo ya hau mota zuwa Kano. Me zai ce a ba shi?

Auwalu: Ya nemi irin na ofis, su suka fi jure wahala, kuma kayan gyaransu na samuwa. HP EliteBook 840 G5, ko Lenovo ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490. Amma ko a cikinsu akwai masu zubi na bakwai, don haka lambar dai, lambar dai. RAM giga 8 ta isa farawa. Biyun farkon nan suna da gurbi biyu na RAM, in farashi ya sauko sai a ƙara. Ka ga a nan jira na da amfani: sayi injin yau, jira da ƙarin. Ya tabbatar SSD ce a ciki. Ya zare caja ya zauna a shagon rabin awa yana kallon yadda batir ke sauka. Ya danna kowane harafi. Ya sa a shiga BIOS, wato saitin tushen injin, a gabansa, domin wasu na zuwa da kalmar sirrin tsohon ofishinsu a kulle. Kuma a rubuta masa rasit da kwanakin da zai iya dawowa da ita.

Rabi: Kuma kada ya sa babbar riga ranar. Suna ganin malum-malum farashi ya canza.

Malam Habu: Ai shi ya sa zan ce ya tafi da yaron, su ɗauki Auwalu.

Auwalu: In zai biya kuɗin mota da na gurasa, Asabar ina nan.

Rabi: Gurasa kawai? Malam, kada ka yarda, bandashe zai ce, da tsire a kai. Ku ɗan matsa mini da waya, ga wata baiwar Allah tun ɗazu tana tsaye da takardar asibiti za a yi mata hoto.

Malam Habu: Bismillah, Hajiya, shigo. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Auwalu, kashe abin nan.