Baki da baki ya daina wadatarwa a kotunan Saudiyya

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Makka da Madina da Jidda, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Kano-Jidda. Yau kan dokokin Saudiyya za mu tsaya, don abin da yawancinmu suka sani game da kotun ƙasar nan ya sauya.

A da, alƙali a Saudiyya ba shi da kundi guda mai sashe-sashe da zai buɗe idan rigimar bashi ko ta aure ta zo gabansa. Littattafan fiƙihu yake komawa, galibi na mazhabar Hambaliyya, sannan ya yi ijtihadinsa. Shi ya sa shari'u biyu masu kama da juna kan iya ƙarewa da hukunci mabambanta, gwargwadon alƙalin da ka faɗa hannunsa. A watan Fabrairun 2021 Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, ya sanar da cewa za a rubuta manyan dokoki huɗu, shi da kansa ma ya ambaci wannan saɓanin hukunci a matsayin dalili. Uku daga cikinsu ne suka fi shafar rayuwarmu ta yau da kullum.

Wadda ta fi kusa da aljihunmu ita ce dokar kafa hujja, da ta fara aiki a watan Yulin 2022. Ku saurara da kyau a nan. Duk wata mu'amala da ta haura riyal 100,000, wato sama da dala 26,000, dokar ta ce da rubutu ake tabbatar da ita. Shaidar baki ita kaɗai ba za a karɓa ba, sai a wasu 'yan wurare da aka keɓe, kamar a ce takardar ta salwanta ba da sakacin mai ita ba, ko kuma akwai wani dalili mai ƙarfi da ya hana a yi rubutun tun farko.

To a duba yadda muke harkarmu. Hajiya ta sauka Jidda, ta ɗebi abayoyi da turare da dabino a wajen ɗan'uwa mai shago, ta ce, "Alhaji, in na dawo Umarar azumi zan cika maka." Ya ce, "Haba Hajiya, ai ba komai, Allah ya kai mu." Shaidarsu yaron shago ne da direban da ya loda kayan. Ko wanda ya damƙa wa abokinsa kuɗin da ya tara shekara da shekaru ya ce a juya masa, a gaban mutum biyu bayan sallar Isha'i. Idan kuɗin sun wuce wancan adadi kuma ɗayan ya musa, to mutum biyun nan, komai adalcinsu, ba lallai su fisshe ka ba. Da yawanmu kunyar cewa "a rubuta" muke ji, sai ka ga kamar ka tuhumi mutum ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi.

Sai dai akwai sauƙi, kuma a ganina nan ne dokar ta fi yi wa talaka rana. Ta amince da hujjar da ke cikin waya da kwamfuta, ta ba ta matsayin rubutu. Saƙon imel, saƙon waya, rasit ɗin tura kuɗi ta banki, duk ana iya gabatar da su. Saƙon WhatsApp da mutum ya rubuta da lambarsa yana cewa "saura riyal kaza a kaina" abu ne da alƙali zai duba. Don haka masu share hira saboda waya ta cika, a lura da wadda ake sharewa. Rantsuwa kuma tana nan, ba a soke ta ba, amma wanda ya rasa hujja ya nemi abokin shari'arsa ya rantse, ya riga ya miƙa masa wuƙa da nama.

Ta biyu ita ce dokar mu'amaloli, mai sashe sama da 700, da ta fara aiki a watan Disambar 2023. Ciniki, haya, rance, jinga, diyyar ɓarna, duk ta tattaro su. Ta ce duk sharaɗin ƙari a kan rance ɓatacce ne. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ta sanya wa'adi. A bisa ƙa'ida, idan shekara 10 ta wuce ba ka kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare ka a kan wanda ya musanta ba. Kuɗin haya da makamantansu da ake biya lokaci-lokaci, shekara 5 ne. Haƙƙin yana nan a wuyansa tsakaninsa da Allah, ƙofar kotu ce ta rufe. Masu aiki a ƙarƙashin kafili (wato mai ɗaukar nauyin zaman ma'aikaci baƙo a ƙasar) kuma nasu wa'adin a dokar ƙwadago ya fi gajarta: wata 12 daga ranar da aiki ya ƙare, sai fa da uzurin da kotu ta gamsu da shi. Wanda ke bin albashi yana ta "bari a ga abin da hali zai yi", lokaci ba ya jiransa.

Sai dokar iyali, da aka amince da ita a watan Maris na 2022, ta fara aiki a watan Yuni. Ta hana a rubuta auren wanda bai kai shekara 18 ba, sai an kai maganar gaban kotu ta duba. Yaro kuma idan ya cika shekara 15, shi zai zaɓi wajen wanda zai zauna tsakanin uwa da uba.

Amma ga wurin da nake so iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su riƙe. Miji ba zai yi saki a ransa ko a gaban abokansa ya yi gum ba. Dole ne ya rubuta sakin a hukumance cikin kwana 15 da yankewar auren. Idan bai rubuta ba, ita kuma ba ta sani ba, tana da haƙƙin diyya da ba za ta gaza mafi ƙarancin ciyarwa ba, tun daga ranar sakin har ranar da ta samu labari. Haka ma kome. Idan ya mayar da ita bai rubuta ba, ba ta sani ba, har ta yi wani auren, komen nasa ya tashi a banza. Tun 2019 ma kotuna ke aika wa mace saƙon waya idan an rubuta sakinta.

Matsalarmu a nan ita ce auren da aka ɗaura a falo, aka raba dabino aka watse, babu takardar hukuma. Ranar da rigimar ciyarwa ko ta gado ko ta takardun yara ta taso, kafin a zo kan haƙƙin da ake nema sai an fara tabbatar wa kotu cewa an yi auren. Wanda kuma igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta mutu, tunkarar kotun ma wani tashin hankali ne, shi ya sa da yawa ke haƙura.

Shigar da ƙara yanzu ta shafin Najiz na Ma'aikatar Shari'a ake yi, kuma zama da yawa ta bidiyo ake gudanar da su. Rigimar aiki kuwa ba ta fara zuwa gaban alƙali, sai ta bi ta ofishin sulhu na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ke da kwanakin aiki 21. Idan ba a daidaita ba, a tura ta kotun ma'aikata.